Injin Saba'in da Huɗu a Jikin Motar Baba

Karatun Larabci da Fiƙihu ne ya kai ni Alƙahira, amma hannuna bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Mahaifina bakanike ne a Kano, a gindin mota na yi rarrafe, kuma har yau in na ji inji yana tari sai na waiwaya. Na kama haya a Arba wa Nus, unguwar gabashin birni inda Sudanawa da sauran baƙin Afirka suka fi yawa saboda sauƙin ɗaki. A ƙarshen layinmu akwai wani fili mai katangar jan bulo, kuma a cikinsa motoci biyu ne a ajiye.

Mai filin wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso za su hajji a ƙafa sai suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta mutanen da ce, da Larabcin Sudan a cakuɗe. Ya daɗe yana tuƙi a Jidda, a can ya kamu da son motocin Amurka, waɗannan masu ƙofa biyu da dogon hanci da silinda takwas, waɗanda ba a ƙera su don komai ba sai gudu da ruri. Motocin filinsa duka irinsu ne, kamfani ɗaya, suna ɗaya. Ɗaya baƙa ce, ƙirar 1970, lulluɓe da tamfol, ana share ta duk Juma'a. Ɗayar ƙirar 1974 ce, tsatsa ta cinye mata ƙofofi, ba ta da taya, kyanwowi na haihuwa a kujerarta ta baya. Ya saye ta ne don ya riƙa cire fitila da gilashi.

Ranar da na fara shiga filin na yi kuskuren cewa ai mota ɗaya ce, shekara huɗu kawai ke tsakani. Sai da na yi da-na-sanin buɗe baki.

“Ya zol, kai ɗan bakanike ne ko ɗan mai sayar da tumatir?” in ji shi, da irin kiran da Sudanawa ke yi wa mutum. “Waccan baƙar, in ka taka ta sai bayanka ya manne da kujera. Wannan kuwa tsohuwar saniya ce aka sa mata rigar doki.”

Gaskiya ya faɗa, ko da yake da zafi ya faɗe ta. Injin saba'in yana matse mai da iska a cikin silinda matsi mai tsanani kafin fulogi ya kunna, daga nan ƙarfinsa yake fitowa, amma sai an ba shi fetur mai kyau ƙwarai. Bayan wannan shekarar aka kafa dokokin hayaƙi a ƙasarsu, aka sauya irin man da ake sayarwa, sai masu ƙera motar suka riƙa sassauta matsin shekara bayan shekara. Kafin a kai saba'in da huɗu girman injin yana nan, amma rabin zuciyarsa ta tafi, ga wasu manyan bamba na ƙarfe da aka rataya mata gaba da baya suka ƙara mata nauyi. Baba ba ya yafe wa Amurkawa wannan, kamar shi suka yi wa.

Lokacin da na san shi ciwon suga ya riga ya taɓa masa ido. Da farko yana gane mutum a kusa, daga baya sai inuwa kawai yake gani. Baƙar motar ta daina fita. Yana da 'ya ɗaya a gabansa, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, mace mai kaifin baki da ba ta da lokacin wasa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta, ita ke riƙe da gidan, ita ke yi masa allura. A bazarar 2013 aka sa ranar aurenta da wani ɗan Damagaram mai shagon gyaran waya a unguwar Hayyin Ashir, wanda ita ta kawo shi da kanta ta ce shi take so.

Wata rana bayan la'asar Baba ya kama hannuna a ƙofar masallaci, ya ja ni har filin, gaban baƙar motar.

“Ɗana, tun tana ƙarama na yi mata alkawari cewa a motar nan zan kai ta ɗakinta. Ba motar haya ba, ba motar wani ba. Idona ya tafi, amma bakina bai tafi ba. Kai za ka tuƙa, ni zan zauna a gaba.”

Na ce masa an gama. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma tuna da jarrabawar da ke gabana ba. Na ji a raina cewa in duk Alƙahira za ta tsaya, motar nan sai ta kai yarinyar nan.

Na wanke kafireto, na sauya fulogi da baƙin mai, na zubar da ruɓaɓɓen fetur ɗin da ya kwanta a tanki, na ari batir. Angon ya samo mana jarka ɗaya ta casa'in da biyar, mai mafi kyau da ake sayarwa a garin. Da na murɗa makulli ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta tashi da wani ruri da ya sa kyanwowin filin tsallake katanga. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalmina. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet yana murmushi.

Da safiyar Juma'a, lokacin da titi ba kowa, muka hau hanyar Suez. Na taka totur rabi kawai, hancin motar ya ɗaga, wuyana ya koma baya. Na sa giya ta uku, har yanzu tana jan mu kamar yanzu ta fara. Ban taɓa riƙe abu mai ƙarfi irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har na yi ihu. Baba yana dukan cinyarsa yana cewa, “Ka ji ta? Ka ji ta, ya zol?” A cikin motar sai mun ɗaga murya muke jin juna.

Matsalar ta fara ne da jarkar ta ƙare. Shekarar ce man fetur ya yi wuya, layin gidan mai yakan miƙe har ya sha kwana, direbobi suna dambe a kan wuri. In ka kai bakin famfo bayan doguwar jira, abin da za ka tarar shi ne tamanin, man talakawa da tasi da tuk-tuk, wato adaidaita sahu. Casa'in da biyu sai mai rabo, casa'in da biyar kuwa sai labari. Na zuba mata tamanin don in gwada. Ina taka ta sai na ji wata ƙara a cikin injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Man yana fashewa ne tun kafin lokacinsa saboda tsananin matsi, kuma duk bakanike ya san ƙarshen wannan ƙarar fistin ne zai huje. Na ja tayimin baya, wato lokacin da fulogi ke kunna wuta, ƙarar ta ragu, sai zafi ya ƙaru.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ranar da na tsaya kallon zaffar wasu maƙwabta. Zaffa ita ce rakiyar amarya a can, kuma mutanen unguwarmu sun haɗa ta Masarawa da ta Sudanawa. Motar amarya tana gaba an yi mata ado da furanni, masu ganga da tafi suna kewaye da ita a ƙafa, mata na guɗa, samari na tsayar da ita a kowace kwana su yi rawa. Ba wanda yake sa giya ta biyu. Tsakanin Arba wa Nus da Hayyin Ashir ba nisa, amma a tafiyar zaffa sai a cinye yamma guda. Na tsaya ina kallon motar tana rarrafe cikin zafin bazara. Ni da Baba mun yi ta murnar gudu, alhali aikin da ke gabanmu tafiyar ƙafa ce. Injin saba'in bai san sulo ba, in bai samu iska tana dukan lagireto ba tafasa yake yi, in aka rage masa juyi sai ya yi ta shessheƙa ya mutu.

Washegari na kori kyanwowi na buɗe bonet ɗin ruɓaɓɓiyar motar. Jikinta ya mutu, amma injinta na nan lafiya, a bushe, ba tsaga. Na zuba ɗan mai a silinda, na juya shi da hannu, ya juya. Mazauninsa ɗaya da na baƙar, kusoshinsu ɗaya. Kuma shi ba ruwansa da tamanin, don irin wannan man aka sassauta shi.

Na samu Baba a kan tabarma na faɗa masa kai tsaye: mu cire injin saba'in mu ajiye, mu sa na saba'in da huɗu har a gama biki.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, “Ka ce in cire zuciyar motata in sa ta saniya?”

“Na kwana kaɗan ne, Baba.”

“Ko na sa'a ɗaya ne. Alkawarin da na yi a motar nan na yi shi. In ka sauya inji ba ita ba ce.”

“In ban sauya ba, ba za ta kai ba.”

“Ta kai ni Iskandariyya ta dawo da ni, sai Hayyin Ashir ne zai gagare ta? Khalas, magana ta ƙare, ya zol. In ba za ka iya ba ka faɗa, in nemi Bamisire.”

Wannan maganar ta yi mini ciwo, kuma ni ma ba kanwar lasa ba ne. Na tashi na tafi ban yi sallama ba. Na yi kwanaki ina wucewa ta wani layin don kada in bi ta ƙofarsa. Amma ina zaune a aji malami na bayanin sharuɗɗan ciniki, ni kuwa lissafin yadda zan ɗaga inji ba tare da kuran mai ɗaga kaya masu nauyi ba nake yi. Ban fasa ba, fushi kawai nake yi.

'Yar ce ta tare ni a bakin shagon burodi, da kayan aikinta a jiki.

“Yaya, me ya haɗa ka da tsohon nan? Ya daina cin abinci sosai, sugansa yana hawa yana sauka.”

Na yi mata bayani, har da matsi da tayimin. Ta katse ni.

“Ni ko a tuk-tuk aka kai ni na isa. Motar ba ta dame ni ba. Amma in ta mutu a tsakiyar titi, mutane suna kallo, yana zaune a gaba ba ya gani sai dai ya ji ana dariya, wannan ba zai tashi daga shi ba. Na san ubana. Kada ka yi masa gardama, ba ya jin gardama. Ka sa ya ji da kunnensa.”

Na koma wurinsa na gaishe shi kamar ba abin da ya faru, shi ma ya amsa kamar ba abin da ya faru. Na ce na yarda a bar injin, amma da sharaɗi: mu gwada hanyar tun yanzu, a lokacin da za a yi zaffar, da man da muke da shi, a kuma tafiyar da za a yi. Ya ce tamam, ya yarda, yana taƙama.

Muka fita bayan la'asar. Na roƙi wani maƙwabcinmu ya riƙa tafiya a gabanmu da ƙafa, na ce ba zan wuce shi ba. Tun a layi na biyu ƙafata ta hagu ta fara rawa, domin kulocin motar nan sai ƙato. Injin yana tsalle yana neman a sake shi, ni ina danne shi. Ya mutu, na tayar. Ya sake mutuwa a gaban mai sayar da ful, dafaffen waken Masarawa, na sake tayarwa. Allurar zafi tana hawa ina kallonta, Baba ba ya ganinta amma hancinsa ya gaya masa, na ga yana shaƙar iska. Muna isa mahaɗar da ake fita babban titi, inda ƙananan bas ke lodi, sai tururi ya taso daga bonet, ruwa ya tsiyaye a ƙasa, ta yi shiru. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba.

Wanda bai taɓa tare hanya a Alƙahira ba bai san zagi ba. Oda ta ko'ina, wani direba ya leƙo yana tambaya ko daga gidan tarihi muka sato ta. Wasu samari Sudanawa suka taimaka muka tura ta har gida, Baba yana zaune a ciki, hannuwansa a kan gwiwa. Ban ce masa na faɗa maka ba. Tausayinsa ne ya kama ni, har na ji haushin kaina da na yi gaskiya.

Da muka shigar da ita filin bai sauka ba. Can ya ce, “A nan za ta tsaya da yarinyar?”

“A nan, Baba, ko kafin nan. Ranar ga mutane, ga tsayawa rawa.”

Ya shafa sitiyari daga inda yake zaune. “Ka cire. Amma ka sa mini shi a ɗaki, ba a ƙasa ba. Kuma kada wani ya taɓa shi sai kai.”

Aikin ya ci mu. Babu kuran, sai muka kafa ƙarafuna uku muka rataya sarƙa da ƙugiya da na aro a wurin wani mai walda. Angon ya rufe shagonsa ya zo yana jan sarƙa, hannunsa da ya saba da ƙananan kusoshin waya duk ya ɗuri ruwa. Wata kusa ta karye a cikin mazauni, na yi yini ina haƙonta. Bututun salansa ya ƙi haɗuwa, sai da na je Herafiyin, unguwar masu kayan mota, na yi ta yawo kafin na samu wanda zai lanƙwasa mini shi. Na wanke lagireto har sai da ruwa ya fito fari. Jarrabawa ɗaya na shiga da baƙin mai a farce, malamin ya dubi hannuna ya dubi fuskata. Injin saba'in kuwa muka naɗe shi da bargo muka ajiye a kan katako kusa da gadon Baba.

Ranar da sabon tsohon injin ya tashi, sai da na leƙa na tabbatar yana aiki. Wani ɗan gurnani kawai yake yi a hankali, ba rawa, ba tsalle. Muka sake hawa hanyar Suez da tamanin a tanki. Na taka totur har ƙasa. Ta yi tunani tukuna, sannan ta fara tafiya cikin ladabi, har wata ƙaramar tasi ta wuce mu.

“Me ya wuce mu?” in ji Baba.

“Tasi ce.”

“Inna lillahi. Juya mu koma gida, kada wani ya gane ni.”

Amma a hanyar dawowa na bi da ita ta cikin kasuwa, na bar ta tana rarrafe a bayan masu kura, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Na faɗa masa. Ya ce saniya ai dama ba ta gajiya da tafiyar banza.

Ranar biki mata suka lulluɓe baƙar motar da furanni da farin ƙyalle har sai da na roƙe su su bar mini inda zan ga hanya. Baba ya sa farar jallabiya da babban rawani irin na Sudan, na kama hannunsa na zaunar da shi a gaba. Aka fito da amarya, lalle har gwiwar hannu, ƙamshin turaren wuta ya cika motar. Ita da wata gwaggonta suka shiga baya. Tun safe take ba da umarni, wa zai yi wa Baba allurar yamma, ina aka ajiye maganinsa, me zai ci me ba zai ci ba. Ko da ta zauna sai da ta ce mini, “Yaya, yalla, mu tafi, kada ka tsaya kallon mutane.”

Muka ɗau hanya. Ganguna a dama da hagu, guɗa, yara na bin mu, samari suka tare mu a kwanar farko suka yi rawa har suka gaji. Ƙafata tana kan kuloci tana zafi, idona yana kan allura. Muka wuce mai ful. Muka iso mahaɗar da ta kunyata mu, nan ma aka tsayar da mu aka yi rawa mai tsawo, direbobin bas suna danna oda, wannan karon ta taya murna. Injin yana ta gurnaninsa kamar ba shi ake jira ba. Muka haye babban titi lafiya.

Mun shiga Hayyin Ashir, saura layi kaɗan mu kai gidan ango, aka fara kiran magariba a wani masallaci da ke gabanmu. Masu ganga suka sauke hannu, mata suka yi shiru, aka ci gaba da tafiya a hankali ba kiɗa, kamar yadda aka saba in an zo wucewa ana kiran salla. Cikin motar ya yi tsit. Sai ga wata ƙaramar shessheƙa daga baya, irin ta wanda yake ƙoƙarin haɗiye ta.

Baba ya karkata kai. “Wa ke kuka?”

Na duba madubi, na ga ta danne bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

“Yaba,” ta ce, yadda take kiransa a gida, “wa zai riƙa duba maka ƙafa da safe?”

Ya miƙa hannu baya ta tsakanin kujeru yana lalube, ta kama shi da hannu biyu. Ya yi mata magana ƙasa-ƙasa da Larabcinsu na gida, ban ji duka ba, kuma ba nawa ba ne in ji. Ita tana amsawa, shi yana amsawa, ba wanda ya ɗaga murya.

Sannan ya juyo wajena, rawaninsa ya ɗan karkace.

“Ɗana, saura nawa?”

“Ga gidan can, Baba, ana hango fitilun.”

“Rage gudu.”

“Baba, ai tafiyar ƙafa muke yi. Babu abin ragewa.”

“Rage dai.”

Na ɗage ƙafata daga totur gaba ɗaya, na bar motar tana jan kanta da kanta. Mutanen da ke rakiya suka fara wuce mu, suna waiwaye suna mamaki. Injin ya sauka ƙasa, ya ƙara sauka, bai mutu ba. A haka muka ƙarasa layin, hannunsa yana baya a cikin nata.